Yadda Muka Tashi Daga Babban Gida: Gado, Takardu da Kayan Shekara 40

Bayan rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa da rahama, na yi takabata ta wata huɗu da kwana goma a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, sannan na ci gaba da zama a ciki har wajen shekara biyu kafin maganar tashi ta taso. Gida ne mai ɗaki 9 da Malam ya gina a 1982, a lokacin da muke mu biyu a wurinsa, ga yara, ga kuma baƙin ƙauye da ba sa yankewa. Abokiyar zamana ta riga shi rasuwa da shekaru masu yawa, 'ya'ya mata duk suna ɗakin mazajensu, mazan kuma neman abinci ya watsa su Abuja da Kaduna da Legas, sai aka wayi gari daga ni sai jika ɗaya sai yarinyar da take taya ni aiki. Kowace damina sai wani ɗaki ya yi yoyo, kuɗin fanshona na koyarwa yana ƙarewa wajen kafinta da birkila, ga ciwon gwiwa ya sa sharar tsakar gida kaɗai ta zame mini aiki. Na rubuta abin da muka bi ne daki-daki saboda na ga mutane da yawa suna ɗauka cewa rage kayan gida aikin buhu ne da tsintsiya, alhali a gidan Bahaushe ko cokali ba a taɓawa sai an san mai shi, kuma sanin mai shi ɗin ne ya fi cin lokaci.

Da na fara faɗa wa babban ɗanmu cewa ina so a sayar da gidan a nema mini ƙarami, bai ce e ba bai ce a'a ba, sai ya ce, "Hajiya, bari mu ji ta bakin Baffa." Ƙanin Malam ne, kuma shi ne babba a dangi yanzu. Shi ya zaunar da mu ya tuna mana cewa gidan nan tun ranar da Malam ya cika ya zama dukiyar magada, kuma abin da yake nawa a ciki tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanka wa matar da mijinta ya bar 'ya'ya. Ragowar na 'ya'ya ne, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Ya kuma ce kafin a yi maganar rabo sai an fitar da bashi, sannan wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. An yi cigiyar masu bin bashi tun ranar jana'iza kamar yadda aka saba, amma Baffa ya sa aka sake sanarwa a masallacin unguwa, kuma hakan ya yi amfani, domin wani tsohon mai sayar da siminti ya zo da ɗan littafinsa, ya ce kunya ce ta hana shi magana a kwanakin zaman makoki. An biya shi kafin a ci gaba da komai.

Daga nan muka shiga neman takardu. Mun karɓo takardar asibitin da Malam ya rasu, aka kai ta ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarmu aka ba mu shaidar rasuwa, sannan mai unguwa ya rubuta mana takardar da ta lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, dagaci ya sa hannu. Da waɗannan muka je kotun Shari'ar Musulunci ta yankinmu muka nemi a raba mana gado. Iyali na iya kiran malami ya raba musu a gida, kuma rabon ya halatta, amma tunda sayarwa za a yi, mun san mai saye da ofishin filaye duk za su nemi takarda mai hatimin kotu. Alƙali ya nemi shaidu biyu waɗanda suka san Malam da iyalinsa, ya tambaye su ko sun san wata mata ko wani ɗa a wani gari da ba a ambata ba, ya kuma nemi kowane magaji ya bayyana da kansa ko ya aiko da wakili a rubuce. A nan jira ya same mu. An ɗage zama saboda ɗanmu na Legas bai samu hutu ba, aka sake ɗagewa saboda takardar wakilcin da ya aiko ba ta da sa hannun shaidu. Zaman benci a harabar kotu daga safe har azahar, ga mace mai shekaruna, ba abu ne mai sauƙi ba, kuma abin da ya fi nauyi a zuciyata shi ne jin ana kiran sunan Malam da ƙarfi ana cewa "marigayi". Kotu ta turo masu ƙiyasi suka zagaya gidan suka yi masa kuɗi, muka biya kuɗin kotu da na masu ƙiyasin, kuma duk abin da muka biya sai da muka karɓi rasit muka adana.

Ana tsakiyar wannan ne wata magana ta ɓullo wadda ba wanda ya yi tunaninta. Ɗakin abokiyar zamana tun rasuwarta yake a kulle, da gadonta da kabad ɗinta da kwanukanta da ɗan gwal ɗinta, domin Malam bai iya buɗe shi ba, mu ma ba wanda ya iya yi masa maganar. Da masu ƙiyasi suka tambaya aka gaya musu, alƙali ya ce waɗannan kaya ba sa cikin dukiyar Malam, gadonta ne da ba a raba ba, kuma dole a koma a duba su wane ne suke raye ranar da ta rasu. Malam yana da rubu'i a ciki, wato kashi ɗaya cikin huɗu, tunda ta bar 'ya'ya, mahaifiyarta da take raye a lokacin tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, sauran na 'ya'yanta ne. To ga shi mahaifiyar ma ta rasu daga baya, saboda haka kasonta ya gangara kan nata magadan da suke can ƙauye, rubu'in Malam kuma ya shigo cikin dukiyarsa, har ni ma ina da ɗan abin da ya faɗo mini a cikin kwanukan abokiyar zamana. Sai da aka tashi mota takanas zuwa ƙauye aka nemo 'yan'uwanta. Yawancinsu sun yafe wa 'ya'yanta, ni ma na yafe, amma alƙali bai karɓi yafiyar kowa a bakin wani ba, kuma ya ce kason ƙaramin yaro ba wanda yake da ikon yafe shi. Wannan ɗaki ɗaya ya ci mana watanni.

Ranar da aka buɗe ɗakin 'ya'yanta mata ne suka shiga, ni na tsaya a bakin ƙofa. Zannuwan da suke cikin adaka duk sun dafe a wuraren ninki, kana ɗagawa suna yagewa, gara ta cinye bayan kabad ɗin, katifar kuma ba ta da sauran mamora. Abin da ya tsira shi ne kwanuka da tasoshi da gwal. Ƙaramar cikinsu ta ɗauki wani ɗankwali ta shinshina ta fashe da kuka, ta ce, "Umma, da tun tuni aka ba mu ai da mun ɗaura." Ban sami abin da zan ce mata ba. A ganina barin ɗakin mamaci a kulle da sunan ƙauna asara ce ta fuska biyu, domin kayan suna lalacewa, haƙƙin magada kuma yana daɗa tsinkewa yana shiga hannaye da yawa.

Bayan kotu ta ba mu takardar rabo, magada suka amince a sayar, sai muka koma kan takardun gidan kansa. Satifiket ɗin mallaka yana cikin akwatin ƙarfen Malam a naɗe cikin leda, tare da taswirar fili da takardar amincewa da zanen gini. Lauyan da muka ɗauka ya bayyana mana cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mai gida yake riƙe da shi haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma sashe na 22 na dokar ya hana a sayar ko a jinginar da wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna. Muka je ofishin filaye aka binciki fayil domin a tabbatar ba a taɓa jinginar da gidan a banki ba, a nan ne kuma aka lissafa mana bashin harajin ƙasa na shekarun da ba a biya ba tun lokacin da jinya ta kwantar da Malam. Rasit ɗin shekarun baya da ya adana sun rage mana kuɗi sosai, domin akwai shekarun da ba su fito a lissafin farko ba sai da muka nuna shaidar biya. Wanda zai je irin wannan ofis ya tafi da kwafin kowace takarda, ya riƙe ta asali a hannunsa, ya biya kuɗi ta banki kamar yadda aka tsara, kada ya miƙa wa masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa za su gaggauta masa.

Muna jiran waɗannan ne muka fara aikin kaya, kuma da ɗakin Malam muka fara, a gaban Baffa da biyu daga cikin 'ya'ya, saboda kada wani ya ce an ɗauke wani abu a bayan idonsa. Mun buɗe kowace takarda mun karanta kafin a yanke mata hukunci, kuma wannan jinkiri ya cece mu. A cikin wani tsohon ambulan muka tarar da takardar gonar wani maƙwabcinmu da ya ba Malam ajiya tun kafin ya tafi aikin Hajji, shi ma ya rasu, 'ya'yansa suna ta neman ta ba su san inda take ba. A wani ambulan ɗin kuma kuɗi ne da rubutun Malam a baya cewa na gyaran rijiyar masallaci ne. Da a buhu aka tattara aka ƙone, da mun ci amanar mutane ba mu sani ba. Akwai kuma gwangwanin madara cike da sulalla da sisi da kwabo mai huda na kafin zuwan naira a 1973, wanda jikoki suka raba a tsakaninsu da yardar iyayensu. Littattafan fiƙihu da na nahawu magada suka yarda a ba makarantar Islamiyya ta unguwa, Alƙur'anin rubutun hannu da yake cikin gafaka kuma babban ɗanmu ya ɗauka a cikin kasonsa bayan an yi masa kuɗi. Tsofaffin takardun da suke ɗauke da ayoyi waɗanda suka yage, limamin unguwa ya ce a ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar, haka kuwa aka yi. Ɗaurin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da wasiƙun aikin Malam na zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, wani malamin jami'a ya hana mu ba masu ƙosai, ya ce irin su ake adanawa a wurare kamar Arewa House da ke Kaduna domin masu bincike.

Nawa ɗakin shi ya fi ba ni wahala, ko da yake a nan ba na bukatar izinin kowa. Jeren da iyayena suka yi mini, da wanda na yi ta ƙarawa da kuɗin adashi, kwanukan samira da fanteka da kumbo da langa, sun cika kabad biyu, kuma yawancinsu ba a taɓa zuba musu ko ruwa ba. Na ɗauka 'ya'yana za su yi rububinsu, sai na ga kowacce tana kawar da kai cikin ladabi, domin ɗakunan yanzu ba a yi musu irin wannan jere. Na kira dillaliya, kuɗin da ta taya ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Waɗanda suka ɓantare kuwa 'yan gwangwan ne suka ɗora a sikeli suka biya da kilo. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne wata dabara da babbar 'yata ta kawo: muka je gidan da ake shirin saya mini da igiyar awo, muka auna kowane ɗaki, muka dawo muka zana girmansa da gawayi a tsakar gida, duk abin da bai shiga cikin zanen ba ya zama na fitarwa. Gadona mai rumfa bai shiga ba. Kwanuka na zaɓi saiti ɗaya, na ware wa kowace jika mace kwano guda da hannuna, sauran masu kyau na haɗa wa wasu marayu biyu na unguwa da ake shirin aurarwa. Tufafin da na shekara biyu ban saka ba duk na fitar, magungunan da suka wuce wa'adi na ba ɗanmu ya kai wa mai kemis ya san yadda zai yi da su, hotuna kuma jikana ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da waya ya tura wa kowa, na riƙe kundi ɗaya.

Kayan tsakar gida ma sai da aka yi cigiya. Manyan tukwanen ƙarfe na biki guda uku ashe ɗaya ba tamu ba ce, aro aka yi tun wani suna aka manta, mai ita ma ta manta. Biyun da suke nawa, da babban turmi da taɓare, na bar su a hannun maƙwabciyata da sharaɗin duk mai biki ko zaman makoki a layin ya ara kyauta, tunda dama haka ake yi da su shekara da shekaru.

Wajen sayarwa, kafin a kira dillali sai da Baffa ya tambayi magada ko akwai mai son ya sayi kason 'yan'uwansa, domin a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, shi ya fi cancanta a kan bare. Ɗanmu na Kaduna ya so ƙwarai, aka ba shi lokaci, kuɗin ba su haɗu ba, ya janye da kansa a rubuce. Dillalai suna da amfani, amma idan aka sake musu sai gida ɗaya ya zama yana da farashi biyar a gari, saboda haka mutum ɗaya muka ba, aka rubuta la'adarsa ta kashi 5 cikin 100 tun kafin ya kawo kowa. Da aka yi ciniki, lauya ya rubuta yarjejeniyar mayar da mallaka, magada duka suka sa hannu, mai unguwa da shaidu suka sa nasu. Mun daidaita cewa mai saye ne zai ɗauki kuɗin neman amincewar gwamna da hatimi da rajista, mu kuma mu ɗauki bashin harajin ƙasa da la'adar dillalinmu da kuɗin lauyanmu. Ba mu karɓi ko naira ɗaya a hannu ba, ta banki aka biya, daga nan aka tura wa kowane magaji kasonsa kamar yadda takardar kotu ta nuna. Na kuma dage a rubuta wa'adin wata uku kafin mu miƙa makulli, kuma da ba a rubuta ba da an tashe ni a gurguje, domin mai sayen ya ƙagu ya fara gyara. A cikin wa'adin muka biya bashin wuta da na ruwa muka karɓi shaida, aka cire sunan Malam daga lissafin.

Tumunina bai isa sayen sabon gidan ba, wanda yake mai ɗaki uku ne a Rijiyar Zaki kusa da babbar 'yata, sai 'ya'ya suka cika, har da 'ya'yan abokiyar zamana, Allah Ya yi musu albarka. A nan ma Baffa bai bari an tafi a kan fatar baki ba. Ya ce, "Ku faɗa yanzu muna raye, abin da kuka cika kyauta ce kuka ba ta, ko hannun jari ne kuke da shi a gidan?" Suka ce kyauta ce, aka rubuta, aka yi takardun da sunana. Tambayar ta yi wa wasu nauyi a lokacin, amma ita ce za ta hana su tsayawa gaban alƙali bayan raina.

Kafin ranar tashi na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya na yi sallama, na nemi gafara, na biya ɗan bashin mai kanti da mai markaɗe. Wannan ya fi rabuwa da kowane kaya ciwo, domin akwai matan da muka yi goyo tare, muka aurar tare, muka yi wa juna zaman makoki. Kayan da suka rage mota a-kori-kura ce ta kwashe su. Makonnin farko a sabon gida na sha farkawa cikin dare ban gane inda ƙofa take ba, kuma kiran sallar wani ladani da ban san muryarsa ba ya riƙa sa ni kewa. A hankali na saba, gwiwata ta samu sauƙi, kuɗin fansho ya fara kaiwa ƙarshen wata.

Duk wanda zai bi wannan hanya, ina ba shi shawara ya bi ta a jere: bashi da amana tukuna, sannan rabon gado, har da tsohon gadon da aka bari ba a raba ba, sannan takardun gida, sannan kaya, sayarwa kuma a ƙarshe. Ya sa rai cewa abin zai kai shekara ko ya wuce, musamman idan magada suna warwatse, kuma ya tanadi takardun wakilci masu shaidu tun kafin zaman kotu na farko. Kada a buɗe ɗakin mamaci sai da idon magada, kada kuma a matsa wa tsoho ya yanke hukunci kan kayan ɗaki guda a yini ɗaya, domin gajiya tana sa a zubar da abin da za a yi kuka a kansa, ko a riƙe abin da ba shi da wurin zama. Wanda Allah Ya ba tsawon rai kuma yana da sauran ƙarfi, ya fi masa ya raba abin da yake so ya bayar da hannunsa, tare da sanin cewa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Ni yanzu ina da littafi guda da na rubuta abin da ake bina da abin da nake bi, da kayan da suke ajiya a hannuna da sunayen masu su, da inda takardun gida suke, kuma babbar 'yata da Baffa duk sun san inda littafin yake.